Ƙyauren Ɗakin Halliru

"Ba za ku ɗora min miji a makara yana numfashi ba!" Zinariya ta tare bakin zaure, ta ware hannuwa.

Shu'aibu ya sauke gefen makarar yana haki. Daga masallacin unguwar Ridina shi da liman suka kinkimo ta a guje, ana luguden wuta ta wajen unguwar Kabalaye. Ƙarƙashin gado ya baro 'ya'yansa, kowace ƙara sai gabansa ya faɗi.

Maƙwabcinsa Halliru mahauci, mijin Zinariya, na kwance tsakar gida, ɓaraguzan bam sun tsaga masa cinya. Jidda, ma'aikacin motar asibiti, ya ɗaure saman cinyar da robar taya, ya danne raunin da tafukansa biyu. Bandeji ya ƙare, rawanin liman ya cusa.

"Yaya, mota tana bakin titi, ba ta shiga lungun nan," in ji Jidda. "Gadon ɗaukar marasa lafiya kuma mafi, babu ko ɗaya, masu bindiga sun kwashe. In na ɗaga hannu, jini zai ɓalle. Ki bari."

"Wanda ya hau makara ba ya dawowa."

"Itace ne fa, Zinariya!" Shu'aibu ya daka tsawa. "Itace da igiya!"

Halliru ya buɗe ido. "Maƙwabci, ni da nake saɓa cinyar bijimi ni kaɗai, yau an rasa abin ɗaukata?"

Ba wanda ya yi dariya.

"Ku cire ƙyauren ɗaki," in ji Zinariya. "A kansa na yarda."

Shu'aibu ya fizgi gatarin sara ƙashi ya hau ƙyauren. Halliru da kansa ya ƙara masa ƙusoshi da yaƙi ya fara, saboda ɓarayi. Shu'aibu ya sara, ya banƙara, ya zagi ƙusa, ya zagi wanda ya ƙera ta.

"Yi sauri, Baba Shu'aibu, jikinsa yana sanyi!" in ji Jidda.

"Ina yi! Ba ka gani?"

Ƙusar ƙarshe ta fita. Ya juyo rungume da ƙyauren, sai ya ga Jidda ya ɗaga hannuwansa, liman na shafa idanun Halliru.

Zinariya ta durƙusa gefen mijinta.

Shu'aibu ya jingine ƙyauren a bango. Ɗakin ya zauna a buɗe. Daga tsakar gida ana hango rigar Juma'ar Halliru a rataye, iska na ɗan kaɗa hannunta.