Da'irar Baba Kamfas

"Digiri casa'in ne, Baba," na ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Ai ga shi nan ina gani."

"To idon naki ne zai rubuta jarrabawar?" Ya sake tsoma yatsa cikin kofin ruwa ya ƙara wa zanen danshi. "Yi sauri, 'yata, ya fara bushewa."

Baba Kamfas maƙwabcinmu ne, ƙofarsa na kallon tamu. Tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Ɗalibansa ne suka laƙa masa sunan kamfas, wato abin zana da'ira, don da hannu kawai yake zana da'ira ta fito cif kamar bakin kofi. Tun da likita ya raba shi da alli saboda tari, sai ya koma zane da ruwa a kan simintin barandarsa. Cewa yake hakan ma ya fi: wanda bai gane ba kafin zane ya bushe, dole ya zana nasa.

Ni kuwa tela ce, uwar 'ya'ya uku, na ƙwallafa rai a kan shiga makarantar koyon aikin jinya. Lissafi ne ya tare mini hanya. Sau biyu yana kayar da ni, kuma bana ce damata ta ƙarshe, don baɗi shekaruna sun haura waɗanda makarantar ke karɓa. Tarawa da ɗebewa ba su taɓa ba ni tsoro ba. Amma da an kawo alwatika da da'ira sai kaina ya ɗau zafi. Ɗinki ne ya ɓata ni. Na saba in kalli mutum in faɗi awon kafaɗarsa, sai nake yi wa kusurwa haka.

Saboda wannan halin nawa Baba ya shiga zana mini komai a karkace da gangan. Da'ira ya yi ta kamar ƙwai, layin da ya kamata ya miƙe ya lanƙwasa shi. In na yi ƙorafi ya ce, "Zanen maƙaryaci ne. Tambayi abin da aka ba ki, kada ki tambayi abin da kika gani." Haushi yake ba ni ƙwarai, amma ina son tsohon nan kamar shi ya haife ni.

Shi ya sa da zanensa ya ƙara lalacewa babu wanda ya damu. Da'ira ta daina haɗewa, layi yana rawa. Har tsokanarsa nake yi.

"Baba, muguntar taka ta yi yawa. Wannan da'ira ce ko tsumma?"

"Warware dai," ya ce, yana murmushi da gefen baki ɗaya.

Ashe ba wasa ba ne. Hannun ne yake barinsa, shi kuma ya fake da tsohuwar dabararsa don kada a dakatar da darasin. Sai ranar da kofin ya suɓuce masa, ya kasa ɗauka, sannan 'yarsa Auta, wadda take zaune da shi, ta yi salati ta ruga neman mota.

Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Jarrabawa kuwa ta ƙarato. Na shiga gaishe shi, Auta ta tare ni a bakin ƙofa.

"Yaya, don Allah ban da lissafi. Likita ya ce hutu."

"Haba Auta, gaisuwa kawai na zo."

Yana kwance kusa da taga, rana na faɗowa a kan bargonsa. Kwalaben magani sun cika kan tebur, tabaransa na ajiye a gefe. Da ya gan ni sai ya nuna farantin ƙarfen da aka kawo masa abinci a kai, ya kuma nuna kofi.

"Baba!" in ji Auta.

Ya dube ta kawai. Ta share ido da gefen mayafi, ta kwashe kwanukan, ta ɗora masa farantin a cinya.

Da hannun hagu ya yi zanen. Ban taɓa ganin da'ira mai muni irin wannan ba. Ya ja layi ya raba ta biyu ta tsakiya, ya ɗiga ɗigo a bakinta daga sama, ya haɗa ɗigon da ƙarshen layin hagu da dama. Alwatika ta fito a cikin rabin da'ira. Ya ɗora yatsa a kan kusurwar sama. Tambayar nan ce dai da na amsa da ido ya ƙi karɓa.

Casa'in ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. A wannan zanen ko kusa ba ta yi kama da casa'in ba. Na jira ya ɗan nuna mini hanya kamar yadda ya saba, amma bakinsa motsi kawai yake yi. Ruwan ya fara ɗaukewa daga gefe. Tsoro ya kama ni, don na gane cewa in zanen nan ya bushe babu mai sake zana mini wani.

Na tsoma yatsana a kofinsa. Na ja layi daga tsakiyar da'irar zuwa ɗigon sama.

"Daga tsakiya zuwa baki duk tsawo ɗaya ne," na ce. "Ke nan alwatika biyu ne, kowace da ƙafa biyu daidai. Wannan kusurwar da wannan ɗaya suke. Waccan da waccan ma ɗaya. In an tara su huɗun, ɗari da tamanin. Ta sama ta ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Rabi ke nan, Baba. Casa'in."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Wa... ya gaya... miki?"

"Babu kowa, Baba."

Ya lumshe ido. Gefen bakin nan mai rai ya ɗaga. Auta ta ɗauke farantin a hankali, ko gogewa ba ta yi ba.

Bai kai ranar jarrabawar ba. Da hantsi ya cika, ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun riga na ji kukan Auta. Allah ya jiƙansa.

A zauren jarrabawa aka ba mu zane tsaf, an buga da inji. Akwai wata kusurwa da ke kallona tana rantsuwa casa'in ce. Na juya bayan takarda na sake zana ta a karkace, na bi abin da aka ba ni. Tamanin da huɗu ta fito.

Ranar da sakamako ya fito na ci, ban nufi gida kai tsaye ba. Na tsaya a barandarsa. Auta ta fito, ta dubi fuskata. Ta koma ciki ta kawo kofin cike da ruwa.

Na durƙusa a kan simintin na zana da'ira. Ta fito kamar ƙwai. Muka zauna mu biyu a gefenta har ta bushe.