Ranar da Kwamfuta ta Binne Malam Sanda

Shekara ta uku da fara Shari'a, ƙungiyarmu ta manoma a Kaura Namoda ta sayi tsohuwar kwamfuta, aka ɗauko Choji, mutumin Filato, ya riƙe ta. Ni ne sakatare, kuma gaskiya ban taɓa yarda da shi ba. Mutum ya zauna gaban baƙin allo yana buga abin da shi kaɗai ya sani, ya ce maka an gama?

Bayan ƴan shekaru, ana gobe rabon taki sai ga Malam Sanda daga Kurya Madaro, fuska a murtuke. An ce masa babu katinsa na karɓar taki, wai yana cikin mamata.

"Wa yak kashe ni ban sani ba?" ya daka wa Choji tsawa. "Ko ka sai da katina Shinkafi?"

Na ji daɗin tambayar, don ni ma zargina ke nan.

Choji bai yi musu ba, ya juyo mana da allon. Ya ce duk shekara nakan ba shi jerin sunayen waɗanda suka rasu. Ba ya goge su ɗaya-ɗaya. Yakan tura jerin ga wani umarni mai suna xargs, shi kuma ya miƙa kowane suna ga umarnin gogewa.

"Ɗan aike ne kawai, ba ya tambaya," in ji shi. "Sakatare, a ina ka samo jerin?"

Na jawo aljihun tebur na zube takardun sanarwar rasuwa da ake aiko mini daga ƙauyuka, waɗanda na kwafe ban bincika ba. A ƙa'idarmu, katin mamaci yakan koma hannun wanda ya kawo sanarwa daga gidan.

Malam Sanda ya tsinto wadda ta ce ya rasu, ƴar guntuwa ce da ajami. Ya daɗe yana kallonta.

"Ka san rubutun?" na tambaye shi.

"Ni nik koya mai shi," ya ce a hankali. "Mamuda na, ƙanena. Da sahe tare munka sha kunu."

Kunya ta rufe ni, na kasa duban Choji. Shi kuwa ya maido wa Malam Sanda da katinsa.

Malam Sanda ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya roƙe mu kada maganar ta kai gaban alƙali, don mahaifiyarsu na da rai.