Allura Ta Ƙi Tashi

Allurar ta ɗan ɗaga kai kamar za ta tashi, ta yi rawa, ta koma ta kwanta. Auta ta sake danna gwajin saurin intanet, ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido. Haka dai. Allurar nan da ta zabura har ƙarshen ma'auni ranar da aka haɗa musu faiba, sabon layin intanet mai sauri da ake jawowa gida ta waya, yau ko motsin kirki ta kasa.

Kuma yau ɗin ce ranar. Bayan la'asar wata makaranta mai koyar da yara lissafi ta intanet za ta sake gwada ta. A karon farko, da tsohon layinsu, tana tsakiyar bayani hotonta ya daskare baki buɗe, murya ta tsinke. Shugabar malaman ta yi mata uzuri, ta ce za a ƙara mata dama guda, amma daga gidan da za ta riƙa koyarwa za a yi gwajin, don su ga ƙarfin layin da idonsu. Babu zancen zuwa gidan ƙawa. Datar waya kuwa, a gidansu sai mutum ya fita waje ya ɗaga hannu sama kafin saƙo ya tafi. Shi ya sa ta dage, ita da ba ta iya dagewa ba, har Yaya ya sa aka jawo musu faiba.

Tun safe take fama. Ta kashe akwatin intanet ɗin ta kunna. Ta dawo da teburinta dab da shi. Ta cire wayarta daga layin, ta cire ta Umma, ta cire talabijin. Ta haɗa kwamfutar da akwatin kai tsaye da igiya. Fitilunsa duk kore ne shar, sai ƙyafta mata ido suke kamar babu abin da ya faru.

Daga falo ƙarar keken ɗinkin Umma ke tashi, ta tsaya, ta sake tashi. Auta ta kira Yaya, wanda aiki ya kai shi wani gari, ta sa wayar a lasifika.

“Farfesa! Yau za a ɗauke ki ko sai mun kai ƙara?”

“Yaya, intanet ɗin ya ƙi.”

“Kin kashe kin kunna?”

“Har na gaji.”

“Kin zare daga soket kin bar shi ya huce?”

“Na yi.”

“To bincika Umma. Na san ta, tana can tana sauke finafinai a ɓoye.”

Keken ya tsaya. “Ina jin ka, marar kunya,” in ji Umma daga falo. “Ni da ko kiran waya sai an nemo mini lamba.”

Yaya ya yi dariya, amma da ya ji Auta ba ta taya shi ba, sai muryarsa ta sauka. “Kira kamfanin. Kuma ki buɗe baki ki yi magana, kin ji? Ban da wannan muryar taki ta mai neman gafara.”

Ta kira. Aka bar ta da wani kiɗa mai maimaita kansa har kunnenta ya yi zafi, sannan wata mata ta ɗauka. Auta ta faɗi lambar layinsu, ta ji matar tana danne-danne.

“Daga nan muna ganin layinku a kunne yake, amma hasken da ke isowa akwatinku ya yi rauni sosai. Ƙofa ba ta danne wayar faibar ba? Ba a lanƙwasa ta ba?”

Auta ta leƙa bayan akwatin. Siririyar farar wayar ta fito a miƙe, ta gangara jikin bango tsaf.

“A'a, lafiyarta ƙalau.”

“To sai dai ma'aikacinmu ya zo ya duba. Gobe ko jibi.”

Akwai magana cike da bakinta. Ta so ta ce jibi ba shi da amfani a gare ta, ta ce tun da ta gama jami'a wannan ne aikin farko da aka kira ta sau biyu, kuma aiki ne da ba sai ta tsaya gaban ɗaki cike da idanu ba. Abin da ya fito shi ne, “To, na gode.”

Ta ajiye wayar, ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da ƙofar ɗakinta. Inuwar tagar falo ta fara miƙewa a kan tayil, ita kuwa tana kallonta kamar mai kallon ruwa yana shigowa ɗaki.

A nan ne ta lura da tayil ɗin kansa. Fes yake, babu komai a kai. Ranar da aka yi haɗin, ma'aikacin ya bar rarar waya a gindin bango, ya yi mata wani faffaɗan zagaye kamar bakin tire, ya ce a bar ta haka ko za a so matsar da akwatin wata rana. Ta tuna ta tsallake ta sau da yawa. Yanzu babu ita.

Ta tashi ta ɗora yatsa a kan wayar, ta bi ta. Daga bayan akwatin zuwa ƙasan bango, ta wuce ƙafar kujera, ta wuce labule, ta shige bayan keken ɗinki.

“Umma, ɗan ɗaga ƙafarki.”

“Me kika yar?”

Auta ta durƙusa ta ja kwandon ƙyallaye gefe. Ga ta nan. An naɗe wayar tsaf a jikin 'yar robar da zaren ɗinki ke zuwa a kai, naɗi a kan naɗi, babu wanda ya hau wani, an ja ta ɗam. An ma maƙale bakinta a 'yar tsagar nan da ake maƙale bakin zare don kada ya warware.

Ta ɗago ta dubi Umma. “Umma, wa ya yi wannan?”

Umma ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta leƙo. “Ni ce mana. Shekaranjiya. Na ga zaren nan yashe a ƙasa, na ce yanzu tsintsiya ta ja shi ko ƙafata ta harɗe, a lalata miki abu ana jibi jarrabawarki. Kin ga yadda ya yi kyau?”

“Umma, ba a naɗe shi.”

“Kamar yaya ba a naɗe shi? Ai da bakinsa mai haɗawar ya faɗa mini. Ya ce, Mama, wannan ba irin wayar da kika sani ba ce, zare ne, siriri kamar gashi. To ni da na tsufa a cikin zare, a ina aka taɓa barin zare a ƙasa?”

“Zaren gilashi ne, Umma. Haske ke bi ta cikinsa. In aka matse shi haka, hasken ba ya wucewa sosai. In kuma ya karye a ciki…”

Umma ta cire tabarau gaba ɗaya. Ta dubi robar, ta dubi 'yarta, hannunta ya tafi bakinta.

“Gilashi? Innalillahi. Bai ce gilashi ba. Wallahi bai ce ba, Autana. Ko ya ce ban ji ba?”

Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki robar, sai ta janye. Yanzu dai akwai intanet, ko da mai rarrafe ne. Wataƙila murya ta wuce, ko hoto ya ƙi. In ta taɓa wayar ta ƙarasa karyewa, babu komai ke nan sai jibi. In kuma ta bari, ta san abin da zai faru: fuskarta za ta sake daskarewa baki buɗe, shugabar ta ce sun gode. Ta dubi yatsunta.

“Ba zan iya ba,” ta ce a hankali. “Zan karya shi.”

Umma ta sauko daga kujerar keken, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a ƙasa ta goge hannuwa a jikin zaninta.

“Kawo. Ni na naɗe, ni zan warware. Ke dai faɗa mini abin da ba ya so.”

“Ba ya son a ja shi. Ba ya son lanƙwasa.”

“Mai saurin fushi ne ke nan, kamar yayanki. Je ki tsaya wurin fitilun.”

Auta ta tsaya gaban akwatin, rabin idonta a kan fitilu, rabi a kan Umma. Da bakin farce Umma ta ciro wayar daga tsagar. Ba ta ja ba. Robar take juyawa sannu sannu, wayar tana sauka da kanta a cinyarta, a murɗe kamar gashin da aka tsefe.

Fitila ɗaya ta koma ja.

“Umma, tsaya!”

“Na tsaya.”

“Ta yi ja.”

“Jan me ke nan?”

“Babu haske ko kaɗan.”

Umma ba ta motsa ba, robar na tsakanin yatsunta, leɓɓanta kaɗai ke motsi. Sai ta sunkuya ta duba da kyau.

“Ga wani wuri nan da ya harɗe. Shi ma in sake shi?”

Auta ta rufe ido. “Sake shi.”

Da ta buɗe, jar fitilar tana ƙyaftawa. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta ɗauke. Sai kore.

Da sauri ta juya ga kwamfutar ta danna gwajin. Allurar ta ɗaga kai, ta yi ɗan jim a inda ta saba faɗuwa, sannan ta wuce. Ba ta kai inda ta kai ranar farko ba, amma ta haura rabi ta tsaya da ƙafarta.

“Ta tashi! Umma, ajiye shi a hankali ki zo ki gani.”

Umma ta sauke wayar a kan tayil. Nan take ta fara nannaɗe kanta, tana komawa ƙananan zagayen da ta saba da su, allurar kuma ta soma zamewa ƙasa.

“A'a, a'a, ɗauke shi!”

Umma ta zura hannuwanta biyu cikin zagayen ta buɗe su, kamar mai riƙe wa wani ulu yana naɗewa. Allurar ta koma sama. Suka gwada rataye ta a bayan kujera, ta zame. Suka gwada dannewa da littattafai, Auta ta ce nauyin zai yi yawa. Suna cikin haka kwamfutar ta fara ƙarar kira.

“Je ki,” in ji Umma. “Ina riƙe da shi.”

“Zai daɗe fa, Umma. Hannunki zai gaji.”

“Na riƙe ki kina ƙarama kin fi wannan nauyi da rigima. Gyara ɗankwalinki, ya karkace.”

Auta ta zauna, ta gyara, ta amsa. Fuskar shugabar malaman ta bayyana tar, har ana ganin zanen da ke jikin kofin shayinta.

“Yauwa, malama. Yau kam muna ganin ki sosai. Muna sauraro.”

Yau babu layin da za a ɗora wa laifi, saura muryarta kawai. Ta saci kallo ta bakin ƙofa. Umma na zaune a ƙasa kusa da kekenta da ya yi shiru, hannuwa a buɗe, farar wayar a tsakaninsu, ko ƙudan da ya sauka a goshinta ta ƙi kora. Ta ɗaga mata gira, alamar me kike jira.

Auta ta ɗauki alƙalamin allo, ta ce, “Barkanku da yamma. Yau za mu fara da lissafin kashi-kashi.”