Hoton Saja Aaron a Bakin Tasha

"Fito ka gaya mani inda aikin yake! Fito, Saja!"

Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo na ji muryar, na ajiye rariya na leƙa. Katangar da ta raba mu da gidan Saja Aaron ba ta kai kafaɗata ba, don haka ko mun so ba ma iya ɓoye wa juna komai. Wata mata ce daga Dabai, Rebecca, mijinta ya rasu a soja. Ta ci ɗamara da ɗankwali, tana dukan ƙofar langa-langa da tafin hannu.

Saja ya fito a hankali yana jan ƙafa, don a lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura.

"Sannu, 'yar'uwa. Shigo ciki mu yi magana."

"Ba ni shiga! Awakina na saida na kai masu saboda yarona. Ban san su ba, kai na sani. Fuskarka na gani a allo, na ce in dai Saja Aaron ya bi ta nan to hanya ce. Yaro na nan zaune gida, ko kiran waya babu. Kai da ka samu naka, ka gaya mani, ina namu?"

Mutanen layi sun fara taruwa. Saja ya dubi ƙasa ya ce, "Ni ma ban samu ba."

Rebecca ta saki baki.

Allon da take magana na fi kowa saninsa, domin a gabansa nake saida tuwo a bakin tashar garinmu Zuru. A damunar 2006 wasu 'yan kamfani suka kama shago a can suka sa masa suna Tsanin Nasara. Aikinsu shirya masu neman aiki: ka biya, su gyara maka takardunka, su koya maka yadda ake amsa tambaya a gaban manya, su ce za su haɗa ka da kamfanonin Kaduna da Abuja. Saja ya bar soja tun da daɗewa, kuma gadin da yake yi a wani ɗakin ajiyar taki ya ƙare da aka rufe wurin. Mutum ne da bai iya zaman banza ba, sai ya ɗauki ɗan abin da yake da shi ya kai masu. Suka ara masa kwat da lakatayi, suka ce ya yi murmushi, hoton na cikin fayil ne. Suka tura shi Kaduna. Can aka dubi furfurarsa aka ce ya koma gida za a neme shi.

Ya dawo ya tarar da kansa a kan allo, ƙato, ya fi ƙofar shagon tsawo. A ƙasa an rubuta: SAJA AARON YA SAMU. KAI FA?

Wanda bai san Zuru ba zai ce hoto ne kawai. A garin nan da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton soja a bango ba, kuma tsohon Saja da ya je Laberiya ya dawo da ƙafafunsa, in ya ce ruwa bai da zurfi, uwa za ta tura ɗanta ya tsallaka. 'Yan kamfanin nan sun san haka sarai. Mu kuwa muka dinga yi masa barka. Ni da kaina na kai masa tuwo da miyar kuka kyauta na ce, "Saja, in ka tahi Abuja kada ka mance da mu." Ya yi dariyar yaƙe ya ce ana jiran takarda. Kunya ce ta ɗaure masa baki, kullum yana cewa gobe zai faɗi gaskiya, mutane kuma suna ta shiga shagon.

Washegarin zuwan Rebecca na gan shi ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar Tsanin Nasara. Manajan, wani matashi mai suna Godswill, mai turare kamar an kifar da kwalba, ya tare shi a baranda. Daga inda nake kwasar tuwo ina jin komai.

"Ɗana, ka sauke wannan hoto."

"Haba Baba, hoton ya yi kyau fa. Mutane suna yabawa."

"Ƙarya ke rubuce a ƙarƙashinsa. Ban samu aiki ba."

"Baba, ba mu ce ka samu aiki ba. Cewa muka yi ka samu. Ka samu horo, ka samu dama, har Kaduna ka je. Mu shiryawa muke yi, ba mu ke ɗauka ba."

"Ban zo neman kuɗina ba. Ku riƙe. Fuskata nake so."

"Sai oga ya ba da izini daga Kaduna. Zan yi masa waya."

Da Saja ya juyo na kira shi. Raina ya ɓaci, ludayi na hannuna ina nuna allon da shi. "Saja, mi kaka jira? Wanga abu langa-langa ne da katako. Ka ce ma samarin layi, kahin la'asar sun kakkarye shi."

Ya girgiza kai. "Maman Ladan, kayan wani ne. Ni duk rayuwata tsaron kayan mutane na yi, ban taɓa fasa na kowa ba. Sai dai akwai abin da na iya."

Abin da ya iya, shi ya yi. Da safe ya zo cikin tsohuwar rigarsa mai ɗinki a kafaɗa da silifa, don takalmi ya daina shigarsa. Ya tsaya daidai ƙarƙashin allon, ya miƙe, hannaye a baya, kamar an sa shi gadin ƙofar bariki. Duk wanda ya nufo shagon da ambulan a hannu, sai ya yi taku ɗaya gaba ya ce, "Barka da zuwa. Ni ne wannan na sama. Ban samu aiki ba." Sannan ya koma inda yake. Ba ya hana kowa shiga, ba ya ƙara ko kalma.

Da farko dariya aka yi ta yi. 'Yan kabu-kabu su wuce su sara masa suna ihu, "Saja biyu, na sama da na ƙasa!" A layinmu har an fara raɗa cewa da shi aka raba kuɗin, yanzu rabon ne bai yi masa daɗi ba. Godswill ya kira ɗan sanda, ɗan sandan ya zo ya ga ko wane ne, ya cire hula ya gaishe shi ya koma. Ni dai ina kallon yadda mutum mai girma yake buɗe baki ya tona wa kansa asiri a gaban yaran da ya haifi irinsu, sau nawa a wuni, kuma duk lokacin da ya faɗa sai kunnuwansa su yi kamar za su faɗi. Wallahi kunya ta riƙa kama ni, har na daina iya ɗaga kai in dubi allon.

Wasu sukan ji su juya. Wasu su ce tsoho ya ruɗe, su shige.

Matarsa Saloma ta yi roƙo har ta gaji. Wata rana ta zo wurina ta zauna a benci, ta ce, "Maman Ladan, likita ya ce zuciyarsa ce, ya ce kada ya tsaya a rana. Ki yi masa magana, ko zai ji taki." Na yi. Ya ce, "Na sama ba ya zuwa hutu, ni in tafi wa zai amsa masa?"

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, hadari ya taso ana ta tattara kaya, sai na ji wata mai gyaɗa ta yi salati. Na waiga na ga Saja ya durƙusa, hannu ɗaya riƙe da ƙafar allon. Direbobin tasha suka ɗauke shi zuwa asibiti. Ya ɗan kwana biyu can, aka ce a mai da shi gida.

Na shiga duba shi da kunu a kwano. Ɗakin na warin man zafi, an jingina shi da filo don in ya kwanta numfashi ba ya fita. A gefen gado wani tsoho ne zaune, siriri mai ido ɗaya, Baba Dodo daga Wasagu, tare suka yi soja. Saja ya ga ni ce, ya ɗago yatsa.

"Maman Ladan, kin fito daga tasha?"

"Daga can nike, Saja."

"An sauke?"

Saloma ta dube ni, idonta na roƙona. Na buɗe baki, sai na ga yadda ya kafe ni da ido, na san mutumin da ƙarya ta kwantar ba za a sallame shi da wata ba.

"Ba a sauke ba. Shina nan."

Ya lumshe ido. "Yau mutum nawa suka shiga?"

"Sun shiga dai."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. Ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da Saloma ba, "An bar wurin ba kowa."

Baba Dodo ya gyara zama. "Aaron, ƙarfe nawa kake kama aiki?"

"Da sun buɗe."

"Me kake cewa?"

Saja ya faɗa masa, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Baba Dodo ya maimaita, ya ce, "To, na karɓe ka. Sauka."

Da hantsi washegari na ji kukan Saloma ta kan katanga. Aka yi masa addu'a a coci, aka binne shi da yamma, Musulmi da Kirista layi guda. Rebecca ta zo daga Dabai a ƙafa, ta tsaya can baya ta rufe fuska da zani, ta kasa ƙarasowa ta yi gaisuwa.

Da na koma kan sana'ata, allon na nan, Saja na murmushi cikin kwat ɗin aro. A ƙarƙashinsa Baba Dodo ya miƙe, hannaye a baya. Wani saurayi ya sauko daga bas da ambulan ya nufi shagon, tsohon ya yi taku ɗaya gaba.

"Barka da zuwa. Wannan na sama abokina ne. Ya rasu shekaranjiya, bai samu aiki ba."

Saurayin ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya tsaya yana juya ambulan a hannunsa. Labulen tagar Godswill ya motsa ya koma. A kan bencina wasu tsofaffi biyu ne zaune, ban san su ba, ba su kuma nemi tuwo ba. Sun ɗora huluna a gwiwa, suna duban rana, suna jiran lokacinsu ya yi su karɓi Baba Dodo.