Sawu a Kan Ƙanƙara

"Kyaftin, yau a cikin wane firij za mu sauka?" in ji Dogara, dillalin takalma, yana dire kwali a bakin ƙofa. Mazan da ke baranda suka kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi daga ɗakina, ba zan ɓoye ba.

Su biyu ne a ɗakin da ke kallon nawa a hawa na huɗu, Alhasan da 'yarsa Saffana mai shekara tara. Uwarta ta rasu tun tana goye. Abinci ba su rasa ba, domin Alhasan na auna kaya a wani sito kusa da filin jirgin Baiyun. Abin da suka rasa shi ne mutum ɗaya da zai gaskata shi.

Ya ce da ƙuruciyarsa ya tuƙa ƙaramin jirgi a arewacin Kanada, yana kai magani ƙauyukan da ba hanyar mota. In sanyi ya yi, tafki ya daskare, a kansa ake sauka, daga kansa ake tashi. Daga baya likita ya gano masa ciwon zuciya, aka karɓe lasisinsa. Mutanenmu da ke fatauci a wannan ƙasar waje suka ji, suka laƙa masa Kyaftin.

Ni ke koyar da yaran 'yan kasuwa karatu, Saffana na cikinsu. Wata rana na kai musu tuwo, na tarar yana nuna mata da tafin hannu a kan tebur.

"Ba a sauka karon farko, uwata. Ki zo ƙasa-ƙasa, ki ɗan taɓa, ki tashi. Sai ki zagayo ki dubi sawunki. In yana nan fari, ƙanƙara za ta ɗauke ki. In ya yi duhu, ruwa ne ya taso. Ki wuce abinki, komai gajiyarki."

Da ciwon ya tsananta, asibiti suka sallamo shi, ƙafafunsa a kumbure. A makon ne yara suka tsare Saffana a matakala suna ce mata 'yar maƙaryaci. Ta shiga ta durƙusa a gefen katifarsa.

"Baba, ka nuna musu abin da ke cikin jakar nan da kake ɓoyewa. Don Allah."

Ya daɗe yana kallonta. "Ranar Juma'a, in sun zo gaisuwa. Na yi miki alkawari."

Bayan masallaci mutanenmu suka cika ɗakin, wasu da lemo, wasu hannu sake. Ina tsaye a bakin ƙofa. Alhasan ya sa Saffana ta jawo tsohuwar jakar fata daga bayan akwati, ya ɗora hannunsa a kan zif ɗin.

"Akwai shekarar da na ɗauki wata ungozoma," ya fara, numfashinsa na yankewa. "Muka iso kan tafkin, iska na..."

"Haba Kyaftin!" Dogara ya katse shi. "Har a kan gadon ciwo? Yi istigfari, bawan Allah, lokaci ba na wasa ba ne."

"Jirgi meyo, ƙanƙara meyo," in ji wani daga baya, yana kwaikwayon yadda masu shagunan garin nan ke cewa babu da yarensu. Dariya ta tashi, 'yar ƙasa-ƙasa, irin ta wurin dubiya.

Alhasan ya ɗaga kai. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya iso kaina. Na san yana jira in goya masa baya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara mayafi. Da na ɗago, ya ɗauke hannunsa daga kan jakar.

"Mayar da ita, uwata. Na gaji."

Saffana ta mayar, ta fita, ba ta sake yi masa magana ba ranar. Lahadi da hantsi ya cika, tana ba shi ruwa a cokali.

Kwana uku da binne shi, Dogara ya zo taya mu kwashe ɗakin. Shi ya zuge jakar. A ciki akwai littafi mai baƙin bango, shafi bayan shafi da rubutun Alhasan: rana, sunan tafki, kaurin ƙanƙara. Ga hoto kuma, saurayi cikin ƙatuwar rigar sanyi, ya dafa fiffiken ƙaramin jan jirgi, ko'ina fari fat.

"Kai!" in ji Dogara. "Ashe dai! To me ya hana shi nuna mana? Wallahi shi ma da taurin kai." Wayarsa ta yi ƙara, wani mai shago ne daga kasuwar Zhanxi Lu. Ya ajiye hoton a kan kwali, ya sauka yana ciniki.

Saffana ta ɗauki hoton, ta goge shi da gefen hijabinta. Wani jirgin kaya ya wuce ta saman gidan, tagar ta yi rawa. Ta jira har ƙarar ta lafa.

"Malama, ai Baba ya ɗan taɓa ƙanƙarar ranar Juma'a," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ya zagayo ya duba. Duhu ya gani."

Ta gane babanta bai saɓa mata alkawari ba. Wurin sauka ne bai samu ba a ɗakin nan, har da bakin ƙofar da nake tsaye.