Ɓeran Ƙarfe

Ni kafinta ne. Ƙarfi ya ƙare, na bar shago. Da ɗana ya ɗauko ni na dawo gidansa, wani bene mai ɗakuna kamar akurkin kaji, abu biyu na zo da su: kayan sawa da akwatin aikina. Zarto, guduma, kurfi, fulaya, sukudireba manya da ƙanana. Ƙarƙashin gadona yake kwana.

Matar ɗana ba ta son ganinsa. A kantin magani take aiki, shi ya sa duk abin da ta kalla, rauni take hangowa. Ta ce a kai shi ɗakin tarkace na ƙarƙashin matakala, inda damshi ke cin ƙarfe. Na ce sai dai a kai mu tare. Ɗana, wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, shi ya raba gardamar. Ya ce akwati ya zauna, amma ranar da ya jawo wa yarinya wani abu, ya sauka. Na ce na ji. Magana ɗaya nake yi.

Yarinyar jikata ce, ba ta isa makaranta ba. Tsigi nake ce mata, don ba ta da auki sai baki. Kullum gidan raino ake kai ta. In an tashi da ruwa layinmu kan zama kogi, sai a bar mini ita.

Ran nan tun asuba ake zubawa. Uwar ta fito da wani kwando ta dire a gabana.

"Baba, ga kwandonta na ranar ruwa."

Ruwa ma yanzu kwando gare shi. Na leƙa. Wani ƙullu ja da kore wanda ba a ci. Almakashi wanda ba ya yanka. Kwalaye. Da wani akwatin roba mai ramuka, ana tura 'yan guntaye, kowane da raminsa.

"Wannan ƙullun yana ƙarfafa yatsu," in ji ta, tana duba wayarta. "Wannan kuma yana koya mata siffofi. Amma Baba, da murya ake yi. In ta ɗauki mai kusurwa huɗu sai ka ce, ga ɓera zai shiga raminsa, tsuwi-tsuwi."

Na kalle ta.

"Ni?"

"Ai wasa ne, Baba."

"Na raini mijinki babu kwando. Ga shi can yana ɗaura takalmi da kansa."

Ɗana ya ƙara sunkuyawa kan takalmin. Suka ɗauki laima suka fita.

Kafin shayina ya huce, Tsigi ta gama da kwandon. Ta haɗa jan ƙullu da kore ya zama kalar kwata. Ta tura guntayen a ramuka, ta zazzage, ta tura, ta ture akwatin da ƙafa. Ta hau kujera ta manna hanci a gilashin taga.

"Kaka, mu fita."

"Ruwa."

"Kaka, yi ɓera."

"Babu ɓera a gidan nan."

Ta fara wannan kukan da ba hawaye, mai kama da zarto a kan ƙusa. Yaro ba wawa ba ne. Ya san abin gaske, ya san na ƙarya. An ba ta kayan ƙarya, ta gane.

Na shiga da ita ɗakina, na jawo akwati. Na ɗauko guntun katako mai laushi, na kafa masa sukurori, na ba ta ƙaramar sukudireba mai jan ƙota. Ba zarto na ba ta ba, ba kurfi ba. Na san abin da nake yi.

"Dama ɗaurewa, hagu kwancewa. Faɗi."

"Dama ɗaurewa, hagu kwancewa."

Na riƙe hannunta sau biyu, na uku ta ture ni. Ta fito da harshe gefe, ta kwance sukuru na farko, ta ɗaga shi kamar ta kamo kifi. Daga nan ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a taga. Ta kwance, ta ɗaure, ta kwance. Ga ƙarfafa yatsu nan, ba sai an tambayi waya ba.

Wajen azahar na fita ɗora mata abincin da uwar ta bari. Ina tsaye gaban murhu na ji ƙofata ta rufe. Ban damu ba. Can na ji wani ƙarfe ya faɗi ƙasa, ƙwal.

Na zo na murɗa hannun ƙofa. Ya juya fayau, bai kama komai ba.

"Tsigi, me kika yi?"

"Hagu kwancewa!" Murna fal muryarta.

Sukurorin katako sun ishe ta, ta nemo wasu. Ta kwance hannun ƙofa ta ciki, ta zare shi. A tsakiyar ƙofa akwai wani guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, shi ke haɗa hannun ciki da na waje. Ya bi hannun ya faɗa wajenta. In babu shi, murɗa har gobe.

Laifin wanda ya kafa ƙofar ne. Sukurun da 'yar mitsitsiya za ta kwance, ai ba ɗaure shi aka yi ba, roƙonsa aka yi ya zauna. Kafintocin yanzu ke nan.

Kayan aikina duka suna ciki. Yarinya tana ciki. Akwati a buɗe, kurfi mai kaifi a sama.

Na ɗauko wuƙar kicin na sa a sukurun waje. Mai kan tauraro ne, bakin wuƙar ya karye. Na ce ta turo sukudireba ta ƙasan ƙofa. Ba ta wuce ba, don ni na buga wa ƙofar katako saboda iska, kuma aikina ba ya barin kafa.

Sai aka yi tsawa. Wuta ta ɗauke. Tsigi ta gane ƙofa ba ta buɗewa, ta fasa kuka na gaske.

"Yi shiru! Duba ƙasa, ɗauko ƙarfen nan mai kusurwa huɗu."

Kuka.

"Na ce ki ɗauko! Kar ki je wajen akwati!"

Kukan ya ƙaru. Kuma na ji yana yin nisa da ƙofa, yana komawa wajen gado. Wajen akwati.

Zan iya sa kafaɗa. Amma ban san inda za ta tsaya ba, ƙofa kuma ciki take buɗewa. Na tsaya. Na dubi falo, babu kowa sai kwandon nan a kife. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara, na sa baki a jikin ƙofa.

"Tsuwi," na ce.

Kukan ya tsaya rabi.

"Tsuwi-tsuwi. Wayyo ni ɓera, ruwa ya dake ni. Na ɓata, ban ga ramina ba."

Sai jan majina.

"Kaka, kai ne?"

"Ba Kaka ba ne, ɓera ne. Ina kwance a ƙasa kusa da ƙofa. Dogo ne ni, mai sanyi, kusurwata huɗu. Wa zai kai ni gida?"

Na ji takun ƙafarta yana dawowa.

"Na gan ka! Kai ɓera, ba ka da wutsiya."

"Kyanwa ta cinye. Ramina yana sama, inda kika cire hannun ƙofa. Tsuwi."

Ƙarfe ya fara karo da katako. Ya faɗi. Ta ɗauka.

"Ya ƙi shiga."

"Juya ni kaɗan, kamar na akwatin robarki. Wayyo haƙarƙarina! A hankali. Tsuwi-tsuwi-tsuwi!"

Ta ƙyalƙyale da dariya. Na ji ƙarfen ya zame ya taɓo hannun waje. Na ce ta danne ɓera da yatsa kar ya gudu, ta ja baya da ƙafafunta. Na murɗa. Ƙofa ta buɗe.

Ta faɗo jikina, sukudireba a hannu. Ko ƙwarzane babu. Na duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Sai na ji ɗigar ruwa a bayana. Uwar ce tsaye a bakin falo, laima na zuba, takalmi a hannu. An rufe kanti da wuri saboda wuta. Ban san tun yaushe take nan ba, ban kuma tambaya ba. Ta dubi wuƙarta, ta dubi hannun ƙofa a ƙasa, ta dubi akwati a buɗe. Ban san ko kuka za ta yi ko dariya ba.

"Mama, Kaka ya iya ɓera! Ya fi ki!"

"Na ji," in ji uwar. Ta karɓi sukudirebar a hankali. "Sannu, Baba."

Da yamma ɗana ya dawo, aka yi masa bayani a ɗaki. Ya fito yana sosa ƙeya.

"Baba, ai tunda ba ta ji ciwo ba, ina ganin ko..."

"Me muka ce?"

"Mun ce in ya jawo mata wani abu."

"Ya jawo ko bai jawo ba?"

Ya ci gaba da sosa ƙeya. Namiji ya kafa sharaɗi, ya kasa tsayawa a kai, sai tsoho ya tsaya masa. Na mayar da hannun ƙofa, na ɗaure shi yadda ake ɗaurewa. Na shafe kowane ƙarfe da mai, na naɗe a tsumma. Ya miƙo hannu zai ɗaukar mini, na ce ya matsa. Da kaina na sauke akwatin, hawa-hawa, ina hutawa. Na ɗora shi kan bulo biyu saboda damshi. Na san bulo ba zai hana ba.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ni ban ja komai ba. Ƙofar banza aka kafa.

Jiya aka sake tashi da ruwa. Aka dire mini kwando, ba a yi mini bayani ba. Tsigi ta mulmula ƙullun nan ya yi tsawo, ta ce sukuru ne. Na ja masa zare da farce, don sukuru babu zare ƙusa ce. Ta dasa shi a kwali tana murɗawa, yana lanƙwashewa. Aikin wofi.

"Kaka, yi ɓera."

Na tashi na leƙa matakala, na saka sakata tukuna.