Fentin Gaiya

…kuma ba wata tsatsa ce ta a zo a gani ba, Gaiya. Ƙasan ƙofar baya, sai ɗan gefen but ɗin motar. Tafin hannuna ma ya rufe ta. Amma ɗanka Meshach ya tsuguna, ya sa farce, ya ce, "Baba, ta fara shiga ciki. In damina ta same ta haka, sai walda."

Walda. A jikin wannan motar.

Ga ni a garejinka na Dutsen Kura — nasa, yanzu. Bencin nan dai, mai gajeriyar ƙafa, da dutsen da ka tokare shi. Warin fenti yana nan. Injin feshi yana nan, yana tari kamar ni. Kai ne dai ka tafi.

Na ce masa ya shafa wa wurin kawai, a wuce. Ya kalle ni, irin kallonka in mutum ya faɗi shirme. Can ya ce launin ba ya kasuwa. Ko dai a yi faci da wani daban, ko a kankare duka har ƙarfe, a fesa sabo.

Ai na san ba ya kasuwa. Ina tsaye ka haɗa shi. Ragowar gwangwanaye — shuɗi, kore, ɗan fari da ya rage daga motar cocinku — ka juye a tsohon bokiti, ka juya da kara. Na ce wannan wane launi ne? Ka ce, "Alfa, kai dai tuƙa. Wanda ya gudu daga aji biyu, launi zai sani?" Alfa… wai malam ke nan, don gemu kawai. Ba wanda ke kirana haka yanzu.

A tasha suka sa mata suna Ruwan Chanchaga, wai launin kogin ne sak. Hanyar Kagara, tun daga nesa masu doya sun ɗaga hannu. Wa ke duba lamba? Launi suka sani. Rashidatu matata, Allah ya jiƙanta, da farko ƙin shiga ta yi, wai kamar zanen da ya zuba a wanki. Daga baya ita ke korar yara in sun jingina.

Faci? Fijo mai mutunci ta koma kamar wandon mahaukaci? A'a.

To a kankare… Abdulhafiz ɗana ya ce fari, Baba, fari ya fi saurin samun mai saye. Wa ya ce masa ta sayarwa ce? Yara. Komai a wurinsu kaya ne.

Meshach yana jiƙa samfefa, takardar goge fenti, a ruwa. Hannunka ne sak, har yadda yake naɗe ta. Ya yi furfura a gefen kunne, ka sani? Wanda nake ɗaukowa daga makaranta a bayan motar nan, yana amai in mun hau gargada.

Bayan motar nan. Kujerun bayan muka cire, akwatin gawarka ya shiga daidai kamar an gwada. Felicia matarka a gaba, tana waƙarku ƙasa-ƙasa, ni ina salati a zuci, har ƙauyenku. Ruwa ya tare mu a hanya, ya wanke ta fes. Mutanen garinku suka taru suna shafa ta, wai wannan aikin Gaiya ne? Na ce nasa ne. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan a wurin binne ka.

Na san me za ka ce, kar ka fara. "Tsatsa ba ta san aboki ba, Alfa. Kankare!" Kai ba ka taɓa tausayin tsohon fenti ba. Na wani ne, shi ya sa. Ba a taɓa kawo maka naka ba…

In na bar ta, ƙarfen ya tafi. In na ceci ƙarfen, kai ka tafi. Ni direba ne, hanya biyu ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Yau ga ni zaune kamar wanda aka ƙwace wa makulli.

Hadari yana haɗuwa ta gabas. Iska ta fara ɗaga ledoji.

Meshach ya buɗe ƙofar baya, zai duba ta ciki. Ya tsaya. Na san me ya gani — can ƙasa, kusa da tsatsar, inda ka dafa fenti bai bushe ba. Shatin babban yatsanka, har da tabon wuƙar nan. Ban taɓa nuna masa ba. Me ya sa? Ban sani ba. Nawa ne, na ɗauka.

Ya ɗora nasa a kai. Bai ɗago ba.

Ni na zo ne ya yanke mini shawara, Gaiya. Na ce shi ne mai sana'a, shi zai ce. Ashe uban mutum na kawo masa ya kankare.

Samfefar tana ɗiga a ɗayan hannunsa. Ya juyo yana kallona, yana jira.

Ta ina zan ce ya fara?